'Yar Mahmudu Gusau

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

Malamarmu ta ajin manya ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura, in ya kwana uku bai riƙe biro ba, hannunsa zai koma inda ya fito. Shi ya sa nake yi. Wannan ne littafina na huɗu a shekara shida. Ukun farko babu komai a cikinsu sai ciwon gwiwa, da wadda ta haihu, da wanda ya rasu, da ranar da kaza ta fara ƙwai.

Yau akwai abin rubutawa. 'Yata Surayya ta kai takardunta ofishin jam'iyya, tana neman kansila a mazaɓarmu ta nan Tudun Wadan Zariya. Su uku ne ke nema, biyu maza. Ta biyo ta nan a jiƙe, ta tsuguna a bakin murhu tana cin ƙanzon shinkafa kamar ba uwar 'ya'ya biyu ba.

"Inna, ki daina kallona kamar mai tafiya yaƙi."

"To ina za ki?"

"Kwata zan gyara. Sai asibitin unguwa da babu mace ko ɗaya mai karɓar haihuwa. Shi ke nan fa."

Kwatar bakin lungunmu ta girme ta. Kowace damina sai ta cika ta shigo mana zaure, kowane kansila kuma sai ya zo ya tsaya a bakinta a ɗauke shi hoto.

Zogalen bayan ɗaki ya yi ganye sosai bana.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Autata Juwairiyya ta turo saƙon murya daga Kigali, inda take karatun jinya. Ihu kawai take yi don murna. Ta ce a can Ruwanda mata sun fi maza yawa a majalisa. Na ce to wa ke dafa musu abinci? Ta ce, "Inna, ai ba a kwana a majalisa."

Na kunna wa Chinyelu saƙon a shagonta na magani. Shekararta arba'in tana maƙwabtaka da mu, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Shatu, ki fara koyon tafiyar manya. Uwar kansila ba ta tafiya da silifas ɗin banɗaki."

Na tuna innata. Ina 'yar shekara goma sha uku ta fara jefa ƙuri'a, don kafin nan ba a barin matan Arewa. Ta dawo gida tana ɓoye yatsanta mai tawada a cikin mayafi kamar wadda ta yi sata. Kwana biyu tana wanke-wanke da hannu ɗaya don kada tawadar ta goge. Allah ya jiƙanta. Da tana nan da ta ga jikarta.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Yayansu ya zo cin dambu kamar kowace Juma'a.

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Haka na tarar ana yi, haka innata ta yi da yayana. Ko a rubuce hannuna ba ya yarda. Yayansu nake cewa, kowa ya gane.

Shi ne sakataren jam'iyya na mazaɓa, kuma ya daɗe yana bin Alhaji Sabo, ɗaya daga cikin mazan biyu da ke neman kujerar. Yau loma huɗu ya yi ya ture kwanon.

"Inna, ki yi wa yarinyar nan magana."

"Wace yarinya? Mai 'ya'ya biyu?"

"Siyasa ba wurin mata ba ce. Zagi za ta sha, mu ma a haɗa da mu. Da wane ido zan kalli Alhaji? A ce daga gidanmu aka fito za a kara da shi?"

"Ka kalle shi da idon da Allah ya ba ka."

Bai yi dariya ba. Da zai tafi ya ce in ba shi makullin akwatin marigayi, yana son tsohon hoton babansu, zai sa a ƙara masa girma. Na ji daɗi, na ba shi. Ya daɗe a ɗakin.

Yaron kirki ne. Lokacin da na shiga aji, har matan lungu suna mini dariya, shi ke zuwa kullum bayan la'asar daga gidansa na unguwar Tudun Jukun ya riƙe mini hannu. Babban G ya fi ba ni wuya. Sai ya ce, "Inna, ki ɗauka ƙugiyar ciro guga ce daga rijiya. Ki lanƙwasa, sannan ki ja mata wutsiya ƙasa." Malama ta sha ce mini wutsiyar ta yi tsawo. Na ce haka aka koya mini a gida.

Talata, 10 ga Satumba, kafin magariba

Surayya ta ce za ta zo, ba ta zo ba. Wayarta a kashe. Ba komai.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan azahar

Sun zo da safe ita da mijinta Zulkiflu. Ba ta nemi ƙanzo ba.

An kai ƙorafi gaban kwamitin tantancewa na jam'iyya. An ce Surayya ba 'yar nan ba ce, 'yar Gusau ce ta jihar Zamfara, takardar shaidar asalin da ta kai ta ƙarya ce. In kwamiti ya yarda, za a cire sunanta kafin zaɓen fidda gwani. Ranar Alhamis, ashirin da shida ga wata, za su zauna.

Ta miƙo mini kwafin hujjar da aka haɗa. Takardar sa ta a firamare ce. An rubuta Surayya Mahmudu Gusau. Garin asali, Gusau. A ƙasa kuma ga dangwalen yatsa, baƙi, ya karkace.

Yatsana ne.

Bari in rubuta yadda aka yi, don in ban rubuta ba zai ci gaba da zagaya mini ciki. Marigayi direban babbar mota ne, hanyar Zariya zuwa Gusau ya bi shekara ashirin, sai 'yan tasha suka laƙa masa sunan garin. Ko kwana uku a jere bai taɓa yi a can ba. Kakansa daga cikin birni ya fito ya gina gidan nan. Da za a sa yayansu a makaranta, shi ya kai shi da kansa, aka rubuta Tudun Wada. Da Surayya ta isa shiga, ya ce bari ya dawo daga tafiya. Ya dawo ya sake tafiya. Sai na ja hannunta muka je.

Malamin ya ce, "Sunan uba?"

Na sunkuyar da kai. Ina zan iya faɗin sunan mijina a gaban mutane? Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Sai wani mutum a bayana ya ce, "Ai matar Mahmudu Gusau ce." Malamin ya rubuta abin da ya rubuta, ya turo mini tawada, na dangwala. Na dawo gida ina murna na sa 'yata a makaranta.

Daga baya ta gyara garin asali a sauran takardunta, amma sunan ya bi ta har kwaleji.

"Inna, ba laifinki ba ne," in ji ta. "In na tsaya a garin mijina a ce baƙuwa ce. In na tsaya a garin ubana a ce ta yi aure ta tafi. Ko babu Gusau da sun samo wani abu."

A gefen kwafin an zagaye sunan garin da biro, an rubuta da hannu: 'Yar Gusau ce. Babu sunan mai ƙorafi, wai masu kishin mazaɓa.

Na kalli rubutun. Na sake kallo. G ɗin yana da doguwar wutsiya.

Na ce bari in ɗora musu ruwan shayi.

Laraba, kafin magariba

Na buɗe akwatin. Hoton yana nan inda yake.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Na yi dambu. Na sa zogale da yawa da ƙuli. Bai zo ba. Wataƙila aiki.

Na kai wa Chinyelu.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Rana ta fito bayan kwana uku, na shanya kayana duka. Kaza ta ƙyanƙyashe bakwai. Alhamdulillahi.

Zulkiflu ya ce kwamiti zai karɓi shaidar iyaye. Ya ce zai sa a buga mini a na'ura, ni dai in dangwala. Yana faɗi ya ga fuskata, ya ce, "Ki sa hannu nake nufi, Inna."

Na ce ba mai buga mini komai. Takardar da wani ya rubuta na dangwala ita ta kawo mu nan. Wannan da hannuna zan rubuta, da bakina zan karanta.

Na yi alƙawari da ƙarfi a gabansa. Yana fita na ɗauko biro na zauna ina kallon farar takarda.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan azahar

Na fara. Na ɓata shafi biyar. Na kai na shida shagon Chinyelu don ta saurara, tana auna wa wata mata maganin tari ina karantawa a hankali. Da na zo kan sunan marigayi sai na tsallake.

"Tsaya. Wa ya haife ta?"

"Ai kin san shi."

"Ni na san shi, ya ci mini paracetamol fiye da kowa a lungun nan. Su kwamiti fa? Shatu, mutumin nan shekara tara ke nan a ƙasa. Ba zai taso ya ce kin yi rashin kunya ba."

Matar mai tari ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta.

Chinyelu ta ce za ta zo ta ba da shaida, don tana cikin ɗakin ranar haihuwar. Sai kuma ta ce, "Amma wa zai saurare ni? 'Ya'yana huɗu a nan na haife su, Ebuka ko Inyamuranci bai iya sosai ba, har yau in an tashi rabon wani abu sai a ce mu baƙi ne. Baƙuwa ta zo ta rantse wata ba baƙuwa ba ce!" Muka yi dariya. Amma ta ce za ta zo ko don ta riƙe mini jaka.

Na dawo gida na rufe ƙofa, na faɗi sunan sau ɗaya, a hankali. Ɗakin bai rushe ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

Surayya ta zo ta taya ni tsinke zogale. Mata suna ta zuwa gidanta, in ji ta, masu ƙosai, masu kitso, malaman Islamiyya. Wata tsohuwa daga wajen unguwar Kongo ta kawo mata ƙwai shida a ƙullin zane ta ce ta ci ta samu ƙarfin magana.

Can sai ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Inna, takardar nan a akwatin Baba take ko?"

"Da tana ciki."

"Wa ya buɗe shi?"

"Ɓeraye sun yi yawa a ɗakin nan."

"Ɓera mai biro."

Na ce ta miƙo mini faranti. Ta miƙo. Ba mu ƙara ba. Hawaye ɗaya ya faɗa cikin zogalen, na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar ba nata ba ne.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Dambu. Bai zo ba.

Chinyelu ta ce in na ci gaba da haka za ta yi ƙiba.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan azahar

Juwairiyya ta kira, wannan karon ba dariya. Surayya ba ta faɗa mata komai ba, amma auta ba ta buƙatar a faɗa mata.

"Inna, ki faɗa wa kwamiti wanda ya yi. A can in mutum ya yi wa mace haka kunya ce ke kama shi, ba ita ba."

Na ce ban san can ba, nan na sani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"To Surayya fa? Ita ba hannunki ba ce?"

Na ce mata layin ba ya da kyau.

Na zauna a gindin zogale. A nan aka binne cibiyar Surayya, ni na dasa shi a kai bayan arba'in, ya mutu sau biyu na sake dasawa. Na yi ta tunani. Hannu biyu gare ni, kuma ɗaya ne ya mari ɗaya.

Duk da haka yinin ya yi kyau. Jikokina sun zo, na karanta musu abin da ke jikin kwalin shayi, ƙaramar ta tafa mini.

Talata, 24 ga Satumba, da hantsi

Na gama. Shafi ɗaya da rabi. Malama ta duba, ta gyara mini wurare uku, ta ce sauran a bar shi yadda yake don muryata ce.

Laraba, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Ina sake kwafewa a farar takarda sai na lura. Gusau ya fito sau huɗu a cikin shaidata, kuma kowanne da doguwar wutsiya. In aka ajiye tawa kusa da waccan, makaho ma zai gani.

Na gwada gajarta wutsiyar. Na cika shafi guda. Duk sanda na daina lura sai hannun ya koma inda aka koya masa.

Na bar shi haka. Na goge atamfata mai ruwan ganye. Chinyelu ta hana ni silifas, ta aro mini takalminta na coci.

Ba komai. Ba komai in sha Allahu.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Sai na rubuta yanzu kafin wani abu ya zube.

Ɗakin ba shi da girma. Mutum biyar a bayan tebur, mace ɗaya a cikinsu, tana can ƙarshe kusa da taga. Shugabansu wani dattijo ne, Malam Kailani, mai tabarau a kan hanci. Alhaji Sabo bai zo ba, ya turo mutanensa sun cika benci biyu. Yayansu yana gefe da babban littafin jam'iyya a cinyarsa. Ya rame. Da na shigo ya miƙe rabi, ya gaishe ni ƙasa-ƙasa, ya koma ya kafa wa littafin ido.

Aka karanta ƙorafi. Surayya ta yi bayani tsaf, ba ta ɗaga murya ba. Sannan aka kira ni.

Malam Kailani ya turo mini ɗan kwalin tawada, ya ce, "Hajiya, ki dangwala a nan, sai wani ya karanta miki."

Na ce, "Malam, ara mini bironka."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ciro shi daga aljihu. Na rubuta Ishatu Mahmudu, ban yi sauri ba. Matar da ke bakin taga ta gyara zama.

Na karanta da kaina. Na yi tuntuɓe a layi na biyu, Chinyelu ta yi gyaran murya a bayana, na ci gaba. Da na zo wurin, na ce, "Mijina Mahmudu." Da ƙarfi na faɗa, har ya fi sauran kalmomin. Na ba da labarin tasha, da na malamin firamare, da shirun da na yi. Na ce kunya ce ta rufe mini baki ranar, jahilci kuma ya rufe mini ido, amma yarinya ba ta yi ƙarya ba. Cibiyarta tana gindin zogalen bayan ɗakina, mai shakka ya zo da fartanya.

Aka yi dariya. Sai wani daga bencin Alhaji ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, uwa ai ba za ta ƙi bayan 'yarta ba. Maganar mata ce wannan. A kawo namiji ɗan unguwa ya faɗa."

Malam Kailani ya ɗauki takardata a hannun dama, ta ƙorafi a hannun hagu. Ya kalli wannan, ya kalli waccan.

"Hajiya, abin mamaki. Yadda kike rubuta Gusau da yadda mai ƙorafi ya rubuta, kamar hannu ɗaya."

Wani a baya ya ce, "Ko dai tsohuwar ce ta kai ƙarar 'yarta?" Surayya ta juyo ta kalle ni. Ba ta roƙe ni komai ba, kallo kawai.

Na ce, "Malam, ni ban rubuta waccan ba. Ban kuma zo in faɗi wanda ya rubuta ba. Amma an ce ana son namiji ɗan unguwa. Akwai shi a ɗakin nan."

Na juya. Na dubi yayansu. Shekara arba'in da ɗaya.

Na ce, "Isiyaku."

Littafin ya zame daga cinyarsa ya faɗi. Bai ɗauka ba. Ya miƙe tsaye kamar an ja shi da igiya. Chinyelu ta ce "Chineke" a hankali, sunan Allah da yarensu. Duk wanda ya san gidanmu a ɗakin ya san abin da ya ji.

"Na'am, Inna."

"Faɗa wa Malam inda ka samu tabon goshinka."

Ya kai hannu wurin. Mutanen Alhaji duk sun zuba masa ido.

"A kwatar bakin lungunmu," in ji shi. "Ina ɗan shekara takwas. Ana ruwa da hantsi, aka aike ni in kira ungozoma, na zame na faɗa. Da na dawo da ita jini na zuba, na tarar har an haihu. Maman Ebuka ce ta ɗaure mini kai."

"Wa aka haifa?" in ji Malam Kailani.

"Surayya. Ƙanwata. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"A Gusau?"

"A Tudun Wada, ranka ya daɗe. A ɗakin da aka haife ni." Ya nuna littafin da ke ƙasa. "In ita 'yar Gusau ce, to ni ma ɗan Gusau ne, sai a karɓi littafin nan a ba wani."

Malam Kailani ya sake kallon takardun biyu, ya kalle shi, ya daɗe. Dattijo ne, ya gane. Ya kifa ta ƙorafin a kan tebur, ya ɗora tabaransa a kai. Suka haɗa kawuna su biyar, matar bakin taga ce ta fi daɗewa tana magana. Sannan ya ce ƙorafi ba shi da tushe, sunan Surayya yana nan, a haɗu a zaɓen fidda gwani.

Mata suka rangaɗa guɗa a waje, ashe sun cika harabar. Ban san lokacin da suka zo ba.

Na manta na taho da biron Malam Kailani. Da shi nake rubutun nan. Gobe in aika masa.

Takalmin Chinyelu ya yi mini kanta.

Juma'a, 27 ga Satumba, da safe

An kwana ana ruwa, kwata ta shigo zaure. Na jiƙa tsakin dambu. Ban sani ba ko in yi da yawa ko kaɗan.

Na yi da yawa.

Juma'a, kafin magariba

Na ji motsi a zaure bayan an sauko masallaci. Na leƙa, yayansu ne. Ya naɗe ƙafar wando, ya ajiye hularsa a kan taga, yana kwashe ruwa da tsohon bokiti. Na koma na zuba mai a dambu.

Da ya gama ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe a durƙushe. Ya ciro takardar firamaren daga aljihu, ta ainihin, ya ajiye a gefen tabarma.

"Inna, ki yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba."

"Na sani. Daga nan can zan wuce."

Na tura masa kwano. Ya ci, ya ci. Can ya ce, bai ɗago ba, "Na ɗauka ba ki san sunan nawa ba."

"Ajiye shi na yi. Kada ka sa in sake ciro shi."

Ya yi dariya, hancinsa na zuba, ya ce yajin ne.

Bai kai ga tafiya ba sai ga Surayya da ɗaurin fastoci a kai. Ta tsaya a bakin ƙofa da ta gan shi. Shi ma ya tsaya da loma a hannu. Na ce mata ta shigo, ruwa na dukan takardun mutane.

Ta kwance ɗaya ta nuna mini. Ga hotonta da farin mayafi. Na karanta da kaina: Surayya Mahmudu Gusau, 'yar Tudun Wada. Na ce ba za ki cire shi ba? Ta ce, "Sunan da kika sa ni a makaranta da shi? Ina!"

Ban sani ba ko za ta ci zaɓen. Alhaji Sabo yana da mutane, yayansu kuma bai ce ya bar shi ba, ita ma ba ta tambaye shi ba. Ya ja ta zaure, abin da ya faɗa mata a can ban ji ba, ban kuma kasa kunne ba. Na dai ji ta ce, "Yaya, matsa, ka cika kwanon," ta wanke hannu ta zauna.

Chinyelu ta leƙo ta katanga da farantinta. Na ce ta yi haƙuri.

Dambun bai yi saura ba.